Makon hutun da ake saya a ƙasar waje, da kuɗin shekarar da ake bar wa magada

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani ciniki da wasu daga cikin mutanenmu masu fita ƙasashen waje suke shiga ba tare da sun san iyakarsa ba. Ni kaina ban san zurfinsa ba sai da aka ɗora mini nauyin tattara dukiyar yayana, Allah ya jiƙansa, domin a raba wa magadansa. Ni tsohon akanta ne, na fara aikin lissafi a Gombe tun tana cikin tsohuwar Jihar Bauchi, kafin a ba mu jiha a 1996, kuma a tsawon aikina na ga takardun bashi iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda yake ƙaruwa kowace shekara, ba shi da ranar ƙarewa, sannan mai shi yana ɗaukarsa a matsayin kadara ba, sai wannan.

Cinikin shi ne wanda Turawa suke kira taimshiya, ni kuwa zan kira shi sayen mako. Kamfani zai gina rukunin ɗakunan hutu a wurin da masu yawon buɗe ido suke zuwa, sai ya ɗauki ɗaki guda ya yanka shekararsa mako-mako, ya sayar wa mutum 50 ko 51, kowa da makonsa, a bar ragowar domin gyara. Wanda ya saya yana da ikon zama a ɗakin kwana bakwai kowace shekara. A yanzu kamfanoni da yawa sun daina sayar da mako tsayayye, maki suke sayarwa, mutum ya riƙa kashe makinsa wajen kama ɗaki idan ya samu gurbi. Abin ya faro a Turai cikin shekarun 1960, inda kamfanin Hapimag na ƙasar Suwizalan, wanda aka kafa a 1963, yake cikin na farko, daga baya ya bunƙasa a Amurka har manyan kamfanoni irin su Marriott da Disney da Hilton suka shiga. Ba haramtacciyar sana'a ba ce a waɗannan ƙasashe, tana da rajista kuma tana da dokoki, shi ya sa mutumin kirki mai hankali yake iya sa hannu da kwanciyar rai.

A 2012 yayana ya tafi Amurka da uwargidansa domin bikin kammala karatun ɗansa na fari, suka biya ta birnin Olando da ke Jihar Fulorida. A masaukinsu aka yi musu tayin tikitin shiga wurin wasan yara kyauta, da sharaɗin su saurari wani bayani na minti 90. Matarsa ta gaya mini cewa sun shiga da hantsi, ba su fito ba sai bayan la'asar. An zagaya da su ɗakin, an nuna musu wurin iyo da lambu, an gaya musu cewa kuɗin otal yana tashi kullum amma su sun ɗaure farashinsu har abada, cewa abin gado ne da 'ya'ya da jikoki za su ci, kuma rangwamen na ranar ne kawai. Duk lokacin da ya ce zai je ya yi shawara, sai a kawo wani babba ya rage farashi. Ya biya dala 17,500 nan take daga ajiyarsa, domin ya ƙi bashin da kamfanin ya yi masa tayi saboda ruwan da ke kansa, wanda a irin wannan ciniki yakan haura kashi 10 cikin ɗari. Aka kuma ba shi shawarar ya sa sunan matarsa da na ɗansa a takardar mallaka, wai don sauƙin gado, ya sa. Maganar kuɗin kula da gini da ake biya kowace shekara kuwa an yi ta a gurguje, kamar yadda mai sayar da mota yake ambaton man fetur.

Takardar kuɗin shekara ta farko ta zo da dala 760. A wancan lokaci dala tana wajen naira 160, wato kimanin naira 121,600, kuɗin da mutum mai rufin asiri irinsa ba zai ji nauyinsa ba. Takardar da na tarar a cikin jakarsa bayan rasuwarsa, ta shekarar 2025, dala 1,390 ce. Idan aka lissafa a naira 1,500, ta zama naira 2,085,000. A dala abin bai kai ninki biyu ba, amma a naira ya ninka sau 17. A 2013 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, kuɗin shekarar bai cika albashin wata 7 ba; yau da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000, kuɗin shekarar ya kusa albashin wata 30. Na zauna na tara duk abin da ya biya daga ranar saye zuwa ranar da ya koma ga Mahaliccinsa, har da wani kuɗin gaggawa na dala 600 da aka aza wa kowane mai mako bayan guguwar da ta afka wa Fulorida a watan Satumba na 2022, sai na samu sama da dala 30,000. Sau uku ya taɓa zuwa ya kwana a ɗakin, kwana 21 ke nan, ma'ana kowane dare ya tsaya masa a kan fiye da dala 1,400.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa yayana ne ya yi rashin sa'a shi kaɗai. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da ARDA, ita da kanta take fitar da alƙaluman da ke nuna cewa matsakaicin kuɗin shekara ya wuce dala 1,000, matsakaicin farashin saye kuma ya wuce dala 20,000. Duk wanda ya iya lissafin firamare zai iya gwadawa da kansa: kuɗin da ya fara a dala 1,000 yana ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari kowace shekara zai ninka cikin shekara 15, kuma cikin shekara 20 jimillar abin da aka biya za ta haura dala 33,000, wato fiye da kuɗin sayen kansa. Wannan jimilla ita ce ainihin farashin abin, kuma ita ce ba a rubutawa da manyan haruffa ranar ciniki.

Na yi ƙoƙarin fahimtar dalilin da ya sa kuɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin ba na son in zargi kowa a kan jahilci. Wani ɓangare na dalilin gaskiya ne kuma kowane mai gida ya san shi. Gini yana tsufa, rufi yana yoyo, na'urar sanyaya ɗaki tana mutuwa, ana sauya katifu da labule da kujeru domin wurin ya ci gaba da kama da otal, ma'aikata suna neman ƙarin albashi, ga harajin gida, ga inshora wadda ta yi tsada ƙwarai a wuraren da guguwa take yawan ratsawa. Amma akwai ɓangaren da ya fi damuna. Kamfanin da yake gudanar da ginin sau da yawa ɗan'uwan kamfanin da ya sayar ne, kuma ladansa yakan zama wani kaso na kasafin shekara, don haka duk lokacin da kasafin ya kumbura, ladansa ma ya kumbura. A takarda akwai ƙungiyar masu makonni da take amincewa da kasafi, sai dai mutum dubbai ne warwatse a duniya, ba su san juna ba, kuma mutumin da yake zaune a Jekadafari ko Tudun Wada ba zai hau jirgi ya je taron kasafin ɗakin da yake kwana bakwai a cikinsa ba. Sannan idan wasu masu makonni suka gaza biya, ko suka mutu, ko suka ɓace, giɓin da suka bari a kan sauran yake komawa, ta yadda wanda ya fi riƙon amana shi yake ɗaukar kayan waɗanda suka gudu. A yarjejeniyar yayana, wadda na karanta shafi-shafi, ban ga layi ɗaya da ya ƙayyade iyakar ƙarin da za a iya yi ba.

Mu a nan mun san doki. Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gidansa saboda hawan sallah ya san cewa sayensa ne mai sauƙi, harawa da dusa da kanwa da ɗan kiwo su ne aikin, kuma doki yana ci ko an hau shi ko ba a hau ba. Amma ranar da ciyarwa ta gagari mai doki, zai ja shi kasuwa ya karɓi kuɗinsa, ko da ya yi asara. Wannan mako ba ya sayuwa. Lokacin da ɗan yayana ya bincika kasuwar na hannu, ya kira ni ya ce, “Baffa, irin namu ana tallarsa a intanet a kan dala ɗaya, kuma babu mai tayawa.” Na ɗauka ban ji daidai ba. Dalilin kuwa a fili yake: duk wanda ya karɓa, ko kyauta aka ba shi, ya karɓi kuɗin shekara har iyakar ransa. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na farashin farko, wanda a wasu kamfanoni yake kusan rabi, ba a gini ya tafi ba, ya tafi ne a talla da kyautar tikiti da ladan masu sayarwa. Idan aka sayar da mako 50 a kan dala 20,000 kowanne, an sayar da ɗaki guda a kan dala miliyan ɗaya ke nan, alhali ɗaki irinsa a unguwar bai kai kusa da haka ba. Filin da mutum ya saya a Tumfure a 2012 yau ya ninka kuɗinsa, kuma ba ya neman ko sisi daga mai shi don ya ci gaba da zama nasa.

Ga mu 'yan Najeriya akwai wani ƙarin nauyi da Bature mai mako ba ya ɗauka, domin shi motarsa zai shiga ya tafi, mu kuwa sai an ba mu biza. A 2020 an rufe filayen jiragenmu ga tafiyar ƙasashen waje daga watan Maris zuwa Satumba saboda annobar korona, takardar kuɗin shekara kuwa ta zo yadda ta saba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza daga watan Oktoba na 2022 har zuwa Yuli na 2024, don haka duk ɗan kasuwarmu da ya sayi mako a Dubai ya yi kusan shekara biyu yana biyan ɗakin da ba shi da hanyar isa gare shi. A watan Yuli na 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya cikin wata uku. A kan wannan kuma sai a ɗora sakin naira da Babban Banki ya yi a watan Yuni na 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance har ta haura 1,500 a farkon 2024. Mutum yana samu a naira, ya ɗaure kansa da biya a dala, a kan abin da wata gwamnati ce take da ikon barinsa ya je ko ta hana shi. Ana cewa mutum yana iya musayar makonsa da na wani wuri ta hannun kamfanonin musaya irin su RCI, wanda aka kafa a 1974, kuma gaskiya ne, sai dai wannan ma da kuɗin rajista na shekara da kuɗin kowace musaya, bisa ga wanda ake riga ana biya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo bayan rasuwa. Da muka zauna da malamin da zai raba gado, muka jera gida da gona da shago da mota, sai muka iso kan wannan takarda, aka rasa ɓangaren da za a sa ta. Matar marigayi ta ce kadara ce, domin haka mijinta yake kiranta. Ni na ce ban san kadarar da ba ta da mai saye kuma take cin naira miliyan biyu a shekara ba. Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratun Nisa'i cewa rabon gado yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi, kuma ya tabbata a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Saboda haka muka biya kuɗin da ya riga ya hau kansa daga dukiyarsa, babu wanda ya yi gardama. Amma na baɗi fa, da na shekarar da ke bin ta? Akwai marayu uku da ba su gama sakandare ba, kuma ba zan iya cire naira miliyan biyu daga haƙƙinsu kowace shekara saboda ɗakin da ba za su taɓa gani ba. Lauyan da muka tuntuɓa a can ya bayyana mana cewa magaji yana iya ƙin karɓar irin wannan gado a rubuce, muddin ya yi cikin wa'adi kuma bai amfana da makon ba. Wannan ya kuɓutar da ƙananan. Matarsa da babban ɗansa kuwa ba magada ba ne a idon dokar can, masu shi ne, saboda sunayensu da aka sa tun ranar farko. Shi ɗan a can yake aiki, kuma idan aka daina biya, sunansa ne zai shiga kundin masu taurin bashi, abin da zai iya hana shi hayar gida ko sayen mota. Shawarar da aka ba mahaifinsa da sunan sauƙin gado ita ce ta ɗaure shi.

Da muka fara neman mafita, sai ga wasu suna bugo waya suna cewa sun samo mai saye, ko kuma za su fitar da mu daga yarjejeniyar idan muka fara tura wasu dubban daloli. Allah ya taimake mu ba mu tura ba. Hukumar kare masu saye ta Amurka da hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, FBI, sun daɗe suna gargaɗi a kan irin waɗannan masu waya, waɗanda suke farautar mutumin da ya riga ya gaji yana neman ƙofa ko ta halin ƙaƙa.

Adalci ya sa in faɗi cewa akwai waɗanda wannan tsari yake yi wa amfani, musamman wanda yake zaune kusa da wurin, yake zuwa kowace shekara ba fashi, kuma ya sayi nasa a kasuwar na hannu da araha. Asalin tunanin ma ba baƙo ba ne a wurinmu, domin malaman fiƙihu sun daɗe da sanin abokan tarayya su riƙa karɓa-karɓa wajen amfani da abu guda, kamar yadda 'yan'uwa biyu a ƙauye suke yi da shanun huɗa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba wannan ciniki a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta shi bisa sharuɗɗa, daga ciki har da a san abin da ake saya da lokacinsa sani na haƙiƙa. Ni ba malami ba ne, amma ina roƙon malamanmu na Gombe da Bauchi su duba mana wannan tambaya da idon basira: yarjejeniyar da mutum ya ɗauki alkawarin biyan kuɗin da ba a faɗi adadinsa ba, wanda ɗaya ɓangaren ne yake yanke shi kowace shekara, ba tare da ranar ƙarewa ba, shin ta tsira daga jahiltar farashi da shari'a ta hana? Tambayar tana da muhimmanci domin irin wannan tayi yana zuwa da sunan masaukin Umra ma, kuma zuciyar Musulmi takan yi laushi idan aka ambaci Makka, har ya manta da karanta takarda.

Ƙasashen da abin ya daɗe a cikinsu sun ɗanɗana kuɗarsa har suka yi masa linzami. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2008 da ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma hana karɓar ko sisi a hannunsa cikin waɗannan kwanaki. Fulorida tana ba da kwana 10. Sifen ta ƙayyade tun 1998 cewa irin wannan yarjejeniya ba za ta wuce shekara 50 ba, kuma a 2015 kotun ƙolinta ta soke wata da aka ƙulla ba iyaka. Yayana yana da waɗannan kwanaki 10 a hannunsa, an rubuta su a cikin takardun da aka ba shi, amma ya shafe su yana hidimar biki da haramar dawowa gida, bai buɗe jakar ba sai da ya iso Gombe. Da wani ya taɓa gaya masa cewa akwai irin wannan dama, na tabbata da ya yi amfani da ita, domin matarsa ta ce tun a cikin jirgi ya fara cewa anya bai yi gaggawa ba.

Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta tura wakili ya bi diddigin masu tallata irin wannan ciniki a otal-otal na Abuja da Kano da Legas da kuma ta waya, ko sun kira shi kulob ɗin hutu ko katin zama memba, a tambaye su a gaban jama'a nawa ne kuɗin shekara a yau, nawa yake shekara 10 da suka wuce, wa yake yanke shi, da wane kuɗi ake biya, kuma ta wace hanya mutum zai fita idan ya gaji ko ya mutu. Ina kuma roƙon Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ta wajabta wa duk mai tallar wannan abu a Najeriya ya rubuta waɗannan amsoshi a shafin farko, ya kuma ba mai saye kwanakin janyewa kafin a karɓi kuɗinsa. Ga 'yan'uwana da suka riga suka saya kuwa, ina roƙonsu su fito da takardun tun suna raye, su nuna wa iyalansu da lauya, su tambayi kamfanin ko yana da tsarin karɓar makonsa, domin wasu suna karɓa idan babu bashi a kai, kuma kada su sa sunan ɗa ko mata a takardar mallaka.

Mu dai mun rubuta wa kamfanin sau biyu muna roƙon ya karɓi makon kyauta, mun haɗa da takardar shaidar rasuwa da rasit na duk abin da aka biya. An amsa mana cewa ana duba buƙatarmu. Takardar kuɗin shekara mai zuwa takan iso a watan Disamba, kuma na riga na gaya wa ɗan yayana cewa idan ta riga amsarsu zuwa, ni da shi za mu raba ta tsakaninmu, ba za a taɓa rabon ƙannensa ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya rufa mana asiri. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon akanta,
Unguwar Jekadafari, Gombe.